Daminar da Ban Yi Shuka Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, na kuma san shi za ku fara dubawa. Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan marigayi Yaya Mamman, kun taso kun tarar gandunmu a rabe, kuma kowane ɗaki da irin labarin da ake ba shi. Wasunku sun ji cewa na sayar wa jami'a gonar tudu. Wasu sun ji cewa Baffanku Mamman baƙin ciki ya yi mini. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma ba na so in kwanta dama in bar ku kuna kallon juna da abin da bai faru ba.

Abin ya fara ne daga ɗana Bashar. Shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, ya karanta ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ranar da ya dawo daga hidimar ƙasa Innarku ta yi guɗa har muryarta ta dushe, muka yanka ɗan akuya, mutanen ƙauye suka riƙa shigowa suna taɓa kwalin digirin kamar sabon jariri. Daga nan sai zama. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Bashar yana nan. Ba malalaci ba ne, yana bin mu gona, amma kana ganin yadda yake riƙe fartanya ka san zuciyarsa ba ta wurin. A lokacin kuwa aikin rijiyar burtsatse ya buɗe a ƙasarmu, domin bayan gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyuka, kowa ya tsorata da ruwan tafki da na tsofaffin rijiyoyi. Akwai wani Alhaji Tukur a Gummi mai injin haƙa, aka ce yana neman wanda ya yi karatun ƙasa. Bashar ya wanke rigarsa ya tafi. Da la'asar ya dawo ya zauna bakin rumbu, na matsa masa da tambaya.

"Baba, wata na'ura ya aje gabana, wadda aka auna ƙasa da ita a gane inda ruwa yake. Yac ce in haɗa ta. Na san sunanta, na san lissahinta, na ci jarrabawa kanta. Amma wallahi ban taɓa kama ta da hannu ba. Tamu ta makaranta tana kulle a sito, sau ɗaya aka nuna muna ita."

Na tambaye shi ko Alhajin ya wulaƙanta shi.

"Bai wulaƙanta ni ba. Cewa ya yi ba ni ne na hwarko ba. Yac ce rami guda in ya hito babu ruwa hasarar tana kanshi, ba ya iya koya ma mutum aiki da rijiyar jama'a."

Abin da ya fi damuna ya zo bayan wannan. Abokan Bashar da yawa sun koma haƙar zinari wajen Anka, suna dawowa da sababbin babura. Suka fara zuwa ƙofar gida suna zuga shi, wai mai ilimin duwatsu irinsa in ya shiga daji shi zai riƙa nuna inda za a sara, a raba da shi. Ku kuwa kun san Goggonku Hadiza da ke aure a Yargalma. A shekarar gubar ta binne 'ya'yanta ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, saboda dutsen zinari da ake niƙawa a tsakar gida. Ni na je na ɗauko ta ta yi jinya a ɗakin Innarku, na ga yadda take firgita in ta ji ƙarar injin niƙa. Don haka duk ranar da na ga babur a ƙofar gidana sai in tuna Hadiza. Na hana Bashar, ya hanu, amma na san hani ba ya riƙe namiji mai shekarunsa har abada. Innarku ta gaya mini ta ga ya sayi tocila irin ta masu shiga rami ya ɓoye a jakarsa.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, sai ga baƙo a mota ya tsaya yana tambayar gidan su Bashar. Dakta Lawali ne, ɗan Anka, ɗaya daga cikin malamansa na jami'a. Mutum ne siriri mai saurin magana, takalminsa duk ƙura. Muka zauna a zaure da shi da Yaya Mamman, aka kawo fura. Ya ce ya gaji da haɗuwa da tsofaffin ɗalibansa suna tuƙa kabu-kabu. Ya ce ya zagaya wurin masu kamfanonin haƙa rijiya ya tambaye su me suke nema wurin ma'aikaci, abin da suka lissafa masa kusan duk ba ya cikin abin da ake koyarwa a aji. Ya kai maganar gaban manyansa, aka ce canza manhaja ba aikin kwana ɗaya ba ne, sai dai in zai gwada da ɗaliban ajin ƙarshe a gani. Ya roƙi Alhaji Tukur, shi kuma ya yarda zai kawo injinsa da na'urarsa, tunda aiki yana ja baya da damina, in ya so ya zaɓi ma'aikata cikin yaran. Abin da ya rage fili. Filin jami'a rairayi ne, ko ina ka haƙa ruwa ne, ba a koyon komai a nan. Ƙasa mai dutse yake nema irin tamu, inda ake shan wahala kafin a samu ruwa. Ya so a yi da rani, amma yajin aiki ya ture zangon karatu ya faɗo cikin damina, kuma in aka bari yaran suka fita shi ke nan. Ya ce ya tambayi mutane a ƙauyuka da dama, duk sun ƙi. Bashar ne ya taɓa ba shi labarin gonar tudu tun yana ɗalibi. Ya ƙara da cewa tsofaffin ɗalibai da ke zaune a gida su ma za su iya shiga.

Sai da baƙon ya tafi Yaya Mamman ya yi magana. Ya girme ni sosai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba kafin wannan rana.

"Sambo, ka san mi yas sa kowa ya ƙi? Ran da mutane sunka ga baƙi suna ja da waya cikin gonarka, babu mai yarda ruwa suka nema. Za a ce zinari ne. In kuwa anka ce zinari ne, gonar ta tashi daga hannunmu, ko akwai shi ko babu. Kuma gonar tudu ita ka ciyar da gidan ga. In ba mu shuka ta ba, mi za mu ci?"

Na ce masa ni ma duk na hango wannan, amma ina ganin yaron nan yana zamewa daga hannuna.

"Ɗanka guda, bakuna nawa gidan ga? Ni ban hana ka ba. Amma in za ka yi, a ja iyaka, ka yi da rabonka. Ba ni sa ɗiyana cikin caca."

Ku lura da kyau, domin nan ne ake karkatar da labarin. Baffanku bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Gaskiya ya faɗa, kuma hakkin iyalinsa ya kare. Na shiga wurin Innarku ina fatan ta sauƙaƙa mini, sai ta ƙara mini nauyi. Tana tankaɗe ta ce:

"Malam, ni ba ni da ta cewa kan gona. Amma na ga Hadiza. In hatsi ya ƙare muna iya sayen hatsi."

Na ce mata manomi ya sayi hatsi a kasuwa abin kunya ne, ubana bai taɓa yi ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ce to in zaɓi kunyar da zan iya ɗauka. Na yi istihara, na kwana biyu ina jujjuya abin, sannan na aika wa Dakta Lawali cewa su zo. Dattawa suka fito suka ja iyaka a gonar tudu, aka dasa gamba a tsakani. Daga ranar tukunyar gidanmu ta rabu biyu. Na tsaya ina kallo ana auna ƙasar da muka noma tare tun ina yaro, hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Ɗaliban suka iso bayan ruwan shuka, lokacin da kowa ke gona da iri a ƙwarya, ni kuwa rabona yana kwance fayau. Mazan aka sauke su a makarantar firamare, matan kuma, don akwai 'yan mata a cikinsu, Innarku ta kwashe su zuwa ɗakinta. Da farko abin dariya ne. Yara masu takalma masu tsada suna tafiya cikin taɓo kamar kaji, suna kafa turakun ƙarfe a ƙasa suna jan waya daga wannan turke zuwa wancan, wayar ta harɗe, batir ya mutu, a sake daga farko. Dakta Lawali ba ya taɓa na'urar da hannunsa. Yana tsaye da lema yana tambaya kawai, wa ya haɗa wannan, me ya sa. Alhaji Tukur yana zuwa daga Gummi lokaci-lokaci ya zauna gindin ƙirya yana kallo, shi da Daktan su yi ta gardama, wannan ya ce a littafi kaza ne, wancan ya ce a fili kaza yake gani, ƙarshe su kira yaran su ce su auna a gani. Bashar kuwa ya canza. Tun asuba yake fita, ya dawo duk jikinsa laka, ya ci tuwo kamar wanda ya yi huɗa. Ban ƙara jin maganar tocila ba.

Abin da Baffanku ya hango kuma bai ɓata lokaci ba. Ranar kasuwar Bukkuyum na ji da kunnena ana cewa an gano zinari a gonar Sambo, jami'a ce ta zo da injin. Ba a jima ba muka wayi gari muka tarar an sara ramuka a gefen gonar, har an taɓa dawar Yaya Mamman. Ya zo ya tsaya a kan iyaka ya dubi ramukan, ya dube ni, ya juya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Samari suka fara taruwa a bakin gona da diga da buhuna, suna jiran injin ya fara su gani. Hakimi ya aiko a tambaye ni. A kwanakin nan na yi wata addu'a da ban taɓa zaton talaka zai yi ba, ina roƙon Allah kada Ya sa a sami zinari a gonata.

Ɗaliban suka gama awo suka zaɓi wuri, injin ya kama aiki. Ƙararsa har cikin gari. Garin dutse yana fitowa fari, ana tara shi kashi-kashi a jere bisa ga zurfi, yaran suna murzawa a hannu suna faɗin sunan kowane. Aka yi ta nutsawa, babu ruwa. Aka ƙara, babu. Can Alhaji Tukur ya ɗaga hannu aka kashe injin. Wata yarinya cikin ɗaliban ta fashe da kuka, domin ita ta jagoranci lissafin. Ni kuwa na ba da damina, na raba gandu, ga rami busasshe. Sai wani cikin samarin da ke bakin gona ya ɗaga murya ya ce dama ai ba ruwa ake nema ba, a ba su garin dutsen su wanke. Bashar ya san shi, yana cikin masu zuwa da babur. Ya ɗauko kwano da jarkar ruwa ya miƙa masa.

"Ga shi, Nura. Zaɓi kashin da kaka so, ka wanke da hannunka, kowa shi gani. In ka samu ko ƙwaya guda, taka ce."

Nura ya tsuguna ya wanke kashi na farko, ya juya kwanon yadda masu neman zinari suke yi, ya zubar. Ya ɗebi wani. Wasu suka karɓa suka gwada, har wani tsoho da ya daɗe a harkar ya sa hannu. Ina tsaye ina bin kowane kwano da ido. Tsohon ya miƙe ya goge hannu a riga.

"Wanga dutse ko akuya ba ta lasa tai. Ku tashi mu tai."

Aka kwashe da dariya, suka ɗauki digoginsu suka watse. Na zauna a kan kunyar gona na ce alhamdulillahi har ban san iyaka ba. Ramin da ya ƙi ba da ruwa shi ya wanke gonata a idon jama'a, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake sara mini ƙasa.

Na zaci Alhaji Tukur zai naɗe kayansa. Maimakon haka sai ya tara yaran gindin ƙirya, ya ce da yarinyar mai kuka ta share hawaye, shi ma ya haƙa busassun ramuka da ba zai iya tunawa ba. Abin da yake so ya ji shi ne dalili. Suka baje takardun awonsu, suka jera garin dutsen kusa da su, suka yi ta kai da kawo har rana ta karkata. Ƙarshe ita yarinyar ce da Bashar suka gano cewa abin da suka ɗauka ruwa ne a awon, laka ce jiƙaƙƙiya a sama, ruwan sama na kwanakin ya ruɗe su. Suka nemi a sake jan wayar ta wata fuska, a gangaren da ke kusa da iyakar Baffanku. Dakta Lawali ya dubi Alhaji, Alhaji ya ce man injin nasa ne, a sake.

Rami na biyu ina wurin tun farkonsa. Garin dutse ya fito fari kamar na farko, na fara karaya. Sai launinsa ya canza, ya yi duhu, ya fara dunƙulewa. Sai laka. Sai kawai ruwa ya yi tsiri sama ya zubo a kanmu, ɗalibai suna ihu suna rungumar juna, 'yan matan suna guɗa tare da Innarku da ta baro tukunya a wuta. Na ɗebi ruwan a tafin hannu, mai sanyi, na wanke fuska. Da na waiwaya sai na ga Yaya Mamman tsaye cikin dawarsa, ya dogara da fartanya yana kallo. Bai matso ba, amma bai tafi ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya daidaita. Alhaji Tukur ya ɗauki wasu cikin yaran, har da yarinyar, amma bai ɗauki Bashar ba, ya ce gurbin da yake da shi ya cika. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na kwana ina tambayar kaina ko wauta na yi. Sai bayan kaka wani mai kamfani da Alhajin ya yi wa bayani ya aiko a kira Bashar. Shi ma na'ura ya ajiye masa a gaba. Wannan karon kafin mutumin ya gama amsa waya an haɗa ta. Aikin da kuka taso kuka ga yayanku yana yi, daga nan ya samo shi. Dakta Lawali kuwa ya sha gwagwarmaya kafin jami'a ta amince a mayar da fita fili dole ga 'yan ajin ƙarshe, da kuma zama da masu kamfanoni a ji ta bakinsu kafin a tsara darasi. Sun ci gaba da zuwa ƙasarmu da rani wasu shekaru, kafin hanyoyi su lalace da rashin tsaro su koma wani wuri. Inda injin ya tsaya a gonar ƙasar ta daskare, har yau ba ta ba da amfanin kirki.

Hatsinmu ya ƙare tun kafin bazara. Na ɗauki buhu na tafi kasuwar Bukkuyum, na tsaya gaban 'yan awo, mutanen da a da ni ke sayar musu. Wani ya ce, a'a, Malam Sambo, yau kai ne da buhu wofi? Na ce ni ne. Kunyar ta yi zafi, amma da na dawo na tarar Bashar ya aiko da saƙo daga wurin aiki cewa yana lafiya, sai na ji na iya ɗaukarta. Bayan 'yan kwanaki da hantsi, sai ga amalanke a ƙofar gida shaƙe da dammunan gero, ɗan Yaya Mamman na fari yana jan shanun. Na tambaye shi na mene ne. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Baba yac ce in gaya maka ba naka ba ne. Na kajin Inna ne."

Kajin Innarku a lokacin ba su kai a kira su garke ba, geron kuwa shi ya kai mu har sabon hatsi. Da yamma na je gaishe shi na fara godiya, ya katse ni ya tambaye ni ko famfon da aka sa wa rijiyar yana da nauyin tuƙawa, don matansa suna ƙorafi. Ba mu sake haɗa gandu ba har ya rasu, kuma bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Duk wanda ya gaya muku akwai gaba tsakaninmu, ku ce masa geron Mamman muka ci a shekarar da ban shuka ko ƙwaya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.